Ranar da Jomo Putit Ta Tsaya a Masussuka

Putit ce 'ya ta biyu a gidan Tsewang na ƙauyen Lungmar, can saman kwarin Zanskar, inda dusar ƙanƙara ke toshe hanya fiye da rabin shekara. Tana da shekara goma sha ɗaya aka hau da ita gidan jomo da ke manne a jikin dutse bisa ƙauyen, aka aske mata kai, aka yafa mata jan mayafi, ta shiga sahun jomo, wato matan da suka bar aure don bin tafarkin Buddha. Ba wanda ya tilasta mata. Ita ce ma ta nace, domin ta ga tsofaffin jomo riƙe da dogayen littattafai, sai ta ɗauka can ne ake ba da amsa. Ita kuwa tun tana ƙarama tambaya ce cutarta.

Abin da ta tarar daban ne. Su goma sha tara ne a gidan, kuma babu ko ɗaya da za ta iya gaya mata ma'anar abin da suke rerawa. Hadda ce kawai. Da ƙanƙara ta narke kuwa, kowacce sai ta sauka gonar gidansu: ban ruwa, cire ciyawa, girbin sha'ir, tsintar kashin shanu na girki. Da mahaifinsu ya rasu, gona ta koma hannun yayanta Norfel, ita kuma ta ci gaba da saukowa kamar yadda aka saba.

Kullum da safe akwai addu'ar da suke yi ta roƙon a sake haihuwarsu a jikin namiji. Wata rana suna shan shayin man shanu, Putit ta dubi tsohuwar gidan, Abi Skarma, wato Kaka Skarma, ta ce, “Abi, wai me muka yi aka haife mu mata?”

“Laifin rayuwar baya ne.”

“Wane laifi?”

“Ina zan sani? Ina tunawa ne?”

“To wa ya tuna ya gaya mana?”

Abi Skarma ta harare ta. “Ke Putit, sha shayinki tun bai daskare ba.”

Haka ta yi shekara goma sha takwas. Sai wata rana gab da kaka wata jomo daga wani kwari ta yada zango a gidansu, ta ba su labarin wani gidan jomo a can ƙasa, gindin duwatsun Kangra, inda mata ke karatun ma'ana, har suna fita fili suna muƙabala kamar lamomi, mazan da suka bar aure don addini. Putit ba ta bar baƙuwar nan ta huta ba sai da ta kwatanta mata hanya dalla-dalla.

Ta sami Norfel a bakin gona yana gyaran magudanar ruwa, ta gaya masa. Shi Nomo yake ce mata, wato ƙanwa, ita kuma Acho take ce masa, wato yaya.

Ya ce, “Yanzu? Ana saura wata guda girbi? Nomo, kin haukace ne? Shekarunki ashirin da tara, wane karatu kuma?”

“Acho, 'ya'yanka uku sun girma. Hannu ba ya ciwo don ya riƙe lauje.”

“Mutane za su ce na kore ki.”

“Ka ce musu ni na kori kaina.”

Duk da haka ta tsaya aka gama girbin, domin ba ta son ta tafi da gorin. Sa'annan ta bi masu dawakan kaya, kwana huɗu a ƙafa ta mashigin dutse, daga nan mota. Norfel bai raka ta ba, amma da ta kwance ƙunshinta a hanya sai ta tarar an ƙara mata garin sha'ir da wani curin man shanu da ba ita ta sa ba.

Ƙasa ba ta karɓe ta da daɗi ba. Zafi ya fito mata da ƙuraje, damina ta sa mayafinta ya yi funfuna, harshen da ake karatu da shi kuma ya bambanta da na gida. Aka sa ta aji ɗaya da 'yan mata da ta kusa haifa, suka laƙaba mata Kakar Aji. Malaminsu wani tsohon lama ne mai suna Tabke, kunnensa ɗaya ba ya ji, ɗalibai suna ce masa Gen-la.

Kowace la'asar ana fita fili. Mai karewa ta zauna a ƙasa, mai tambaya ta tsaya a kanta da carbi a hannu, ta jefa tambaya, ta tafa hannu da ƙarfi, ta buga ƙafa. Wadda ke zaune ba ta da damar dogon bayani: ko ta ce ta yarda, ko ta nemi dalili, ko ta nuna inda dalilin ya gaza. Idan aka kai ta inda ta saɓa wa maganarta ta farko, sai mai tambaya ta buga bayan hannunta a tafin ɗayan sau uku, ta ce, “Ya ƙare!” Putit ta sha “ya ƙare” har ta daina ƙirgawa. Da an matsa mata sai ta fusata, da ta fusata kuma sai zaren ya kuɓuce mata.

Lokacin ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa ba za a sake ruɗar ta ba, abin da idonta bai gani ba ba za ta yarda da shi ba. Ta faɗi haka a fili. Gen Tabke ya ji, ya tako a hankali ya tsaya a kanta.

“Kakar kakarki, kin taɓa ganinta?”

“A'a, Gen-la.”

Ya tafa. “Ashe ba a taɓa yin ta ba.”

“An yi ta mana!”

“Kin gan ta?”

Putit ta girgiza kai.

“To daga ƙwai danginku suka fito?”

'Yan mata suka kwashe da dariya har wata ta faɗi. Da aka watse ya kira ta, ya ce mata akwai abin da ido ke kamawa, akwai abin da sai hankali ya bi sawu ya kamo, akwai kuma abin da ya ɓuya ƙwarai, wanda sai an jingina da maganar wanda aka jarraba aka ga bai cika kuskure ba. Ita ma maganar ba a haɗiye ta haka nan: a duba kada ta saɓa wa abin da ake gani, kada ta saɓa wa hankali, kada kuma ta ci karo da kanta. Ya ce, “Shi kansa Buddha bai nemi a gaskata shi don girmansa ba. Amma ƙin yarda da komai shi ma lalaci ne, Kakar Aji. Bai fi yarda da komai wahala ba.”

A shekararta ta huɗu ta yi ƙarfin hali ta kawo masa tambayar da ta taso da ita tun daga gida, ta zancen jikin mace. Ya karkato kunnensa mai ji, ya saurara, ya ce, “Ni ma haka aka koya mini. Zan zauna in kare, ke ki tsaya ki kayar da ni.” Ta tsaya. Ko rabin sa'a ba a yi ba ya dabaibaye ta da maganarta, ta bar filin tana kuka don haushi. Washegari ya same ta tana wanke tukwane, ya ce, “Na kayar da ke jiya, amma ni kaina ban gamsu da ni ba. Akwai ɓaraka a maganata, ba ki gano ta ba ne. Je ki nemo.”

Ta nema kuwa. Ta koyi haɗiye fushi, ta koyi jira har abokin magana ya gama ɗaure kansa. A shekara ta tara sai da 'yan ajin suka riƙa noƙewa idan aka ce ita ce za ta tsaya. Sai dai ba ta sami sake karawa da Gen Tabke ba, domin a shekara ta goma sha ɗaya ciwon huhu ya ɗauke shi. Ta daɗe tana jin zafin wannan. Ta ƙarasa karatun cikin shekara goma sha bakwai, ta zauna jarrabawa gaban manyan malamai, ta ci. An nemi ta tsaya ta koyar a can. Ta ce a'a, gida za ta.

Ta dawo Lungmar tana da shekara arba'in da shida. Abi Skarma ta rasu, jomo sun ragu zuwa goma sha huɗu, sauran komai yana nan yadda ta bar shi. Ba ta ɓata lokaci ba, ta ce daga yanzu kowace jomo za ta yi karatu daga safe zuwa tsakar rana, har da lokacin noma.

Nan fa ƙauye ya ɗauki zafi, domin kusan kowane gida yana da jomo da yake dogara da hannunta. Aka kai kuka tsallaken kogi wurin Lama Gelek, shugaban gidan lamomi. Shi kuwa ba jahili ba ne, ya yi shekara ashirin yana karatu a kudu, kuma mutumin kirki ne, shi ke ɗorin karaya, shi ke sasanta rigimar ruwa. A wani taron addu'a ya faɗi ra'ayinsa: jomo su tara lada da aiki da addu'a, su sami jikin namiji a rayuwa ta gaba, sa'annan su yi karatu. Da aka gaya masa Putit ta ce maganar ba ta da dalili, bai yi fushi ba. Ya ce, “Na ji ta yi karatu. To ta zo fili.”

Norfel ne ya hau da saƙon, yana haki, gashinsa ya yi fari fat.

“Nomo, ki ba shi haƙuri kawai. Mutumin nan da shi aka yi jana'izar Baba. In ya kunyata ki gaban jama'a, ina zan sa kaina?”

“In ya kayar da ni da dalili, Acho, gobe zan sauko maka da lauje. Ba wasa nake ba.”

“In kuma ke kika kayar da shi?”

“Sai ka nemi laujen da kanka.”

Aka sa rana bayan an gama sussuka. Da hantsi mutanen ƙauye uku suka cika masussuka, wasu a kan katanga, wasu a kan rufin ɗaki. Lamomi suka zauna gefe guda, jomo goma sha huɗu suka rakuɓe a ɗaya gefen suna sunne kai. Aka shimfiɗa wa Lama Gelek darduma ya zauna. Putit ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ɗaura mayafinta a ƙugu. 

Ta ce, “Haihuwa a jikin mace ƙasƙantacciya ce wajen fahimtar koyarwa. Haka ka ce?” Ta tafa, ƙarar ta amsa a jikin dutse.

“Na yarda.”

“Abin da ke fahimta, jiki ne ko hankali?”

“Hankali.”

“Hankali yana da launi?”

“Ba shi da shi.”

“Siffa fa?”

“Babu.”

“Gemu fa?”

Wani tsoho a kan katanga ya tuntsire da dariya. Lama Gelek ya shafa 'yan silin gashin haɓarsa, ya ce, “Ba shi da gemu, Jomo-le. Ni ma ba ni da na kirki.”

“To ta ina aka bambanta hankalin mace da na namiji?”

“Ta mazauninsu. Ruwa ɗaya ne, tuluna ne suka bambanta. Wanda ya tsage ba ya riƙe abin da aka zuba masa.”

Maza suka yi ta gyaɗa kai. Norfel ya sunkuyar da nasa. Putit ta ji tsohon zafin nan yana hawo mata ƙirji, ta zagaya sau ɗaya tana jan carbi har ya sauka.

“Nuna mini tsagar.”

“Ciki, haihuwa, goyo, da aikin da ba ya ƙarewa. Mace ba ta samun sukunin zama.”

“Jomo tana ɗaukar ciki?”

“A'a.”

“Tana goyo?”

“A'a.”

“Saura aiki ke nan. Aikin, da shi aka haife ta a jikinta, ko mutane ne suka ɗora mata?”

Ya ce, “Mutane ne. Amma sakamakon rayuwarta ta baya ne ya kai ta inda za a ɗora mata.”

“Idan na ɗora wa Acho Norfel buhun sha'ir biyu yanzu, bayansa ya karye, na ce sakamakon rayuwarsa ta baya ne, na wanku?”

Norfel ya ɗago a firgice. “Ni kuma me ya kawo ni ciki?” Mata suka yi shewa.

Lama Gelek ya ce, “Ba ki wanku ba.”

“Ashe wanda ya ɗora kayan yana iya saukewa.”

“Yana iya.”

“In an sauke, ina tsagar?”

 Lama Gelek ya gyara zama, ya goge goshinsa da gefen mayafi. Ya ce, “Magabata sun rubuta haka. Sun fi ni, sun fi ki.”

Wannan ita ce ɓarakar da ta shekara da shekaru tana nema, kuma ta san nan zai ɓullo. Ta sassauta murya.

“Sun fi mu, na yarda. Lama-le, a kan wane irin abu ake kafa hujja da rubutu kaɗai?”

Ya san amsar tun yana saurayi, ba yadda zai kauce mata gaban lamominsa. “A kan abin da ya ɓuya ƙwarai, wanda ido ba ya gani, hankali ba ya iya bin sawunsa.”

“In kuma rubutun ya saɓa wa abin da ake gani?”

“Sai a ce ba haka ake nufi da shi ba, a sake duba shi.”

“Ko mace tana iya fahimtar koyarwa, abu ne da ya ɓuya ƙwarai?”



Ta matso, ta tafa. “Tun hantsi da wa kake muƙabala? Ko dai na fahimta, ko kuma wadda ba ta fahimci komai ba ce ta sa ka gumi cikin wannan sanyi. Zaɓi ɗaya.”

Ya sunkuyar da kai. Can kafaɗunsa suka fara girgiza, mutane suka zaci fushi ne, ashe dariya ce. Ya ɗago ya ce, “Na yarda. Maganata ta faɗi.”

Putit ta ɗaga hannu, sai ta kasa saukewa. Mutumin da ya karanta wa mahaifinta addu'ar ƙarshe ne a gabanta.

Ya ce, “Buga mana, Jomo-le. Haƙƙinki ne. Da ni ne da tuni na buga.”

Ta buga bayan hannu a tafi sau uku. “Ya ƙare!”

Wurin ya rikice. Jomo goma sha huɗu suka miƙe gaba ɗaya, wata mai shekara saba'in ta rasa abin yi sai ta rungume 'yar'uwarta tana kuka tana dariya. Matan ƙauye suka yi ta yafa wa Putit fararen gyaluluwan girmamawa har wuyanta ya ɓace.

Amma Lama Gelek bai gama ba. Ya miƙe ya nuna mata dardumar. “To zauna, nawa lokacin ne.” Ta zauna. Ya tuna mata cewa an ji ta tana faɗin duk abin da magabata suka rubuta game da mata kuskure ne. Ta ce ta faɗa. Ya tambaye ta ko ta karance shi duka. Ta ce a'a. Ya tafa ya ce, “Abin da ba ki bincika ba kika yanke wa hukunci?” Ta yi ta neman mafita ba ta samu ba, ta ce, “Na yarda.” Shi ma ya buga mata sau uku, yana murmushi har kunne, lamominsa suka ɗan sami abin ɗaga kai. Daga nan aka kawo shayi.

Ba a ranar komai ya daidaita ba. Gidaje biyu sun janye 'ya'yansu, sai bayan shekara guda ɗaya ta dawo. An kuma rage lokacin karatu a makon girbi, Putit ta amince, domin ita ma ta san dusar ƙanƙara ba ta jiran kowa. Addu'ar safe kuwa ba ta hana kowa ba. Wasu tsofaffi suna yin ta har yau, sun ce bakinsu ya saba.

Norfel ya yi wata biyu yana gunaguni, yana cewa ƙanwarsa ta mai da shi abin dariya a ƙauye uku, yara suna tambayarsa lafiyar bayansa. Sai wata safiya aka gan shi yana haurowa da shanu biyu ɗauke da itatuwan rufi, waɗanda ya shekara takwas yana tanadi don ɗakin babban ɗansa. Ya zube su a ƙofar gidan jomo, ya ce, “Ba za ku yi karatu a cikin ɗakin girki hayaƙi yana cin idonku ba. Kada ki ce mini komai.” Ba ta ce ba. Da su aka rufa ajin.

Yanzu Putit ta doshi sittin. Gwiwa ta hana ta buga ƙafa, saboda haka a zaune take muƙabala, amma tafinta har bakin kogi ake ji. Jomo sun kai ashirin da uku, har daga wasu kwaruruka ake kawo su. Lama Gelek yana tsallakowa sau biyu a wata ya koyar da darasi ɗaya, kuma kusan kullum sai sun yi gardama kafin ya koma. Kakar bara ɗalibanta uku suka sauka Kangra don ƙarasa karatu. Ta raka su bakin titin mota da yanzu ya iso ƙauyen, tana ta jaddada musu su shanya mayafansu da damina. Direba ya gaji da jira ya danna oda.

Ta ce masa, “Kai, yi haƙuri, ban gama ba.”

Ya ce, “Abi, in kika ce sai kin gama, a nan za mu yi sanyi.”

Ta yi dariya ta matsa gefe. Motar ta tashi, ita kuma ta juya ta kama hawan dutse a hankali, domin akwai aji da hantsi.